Minti Goma a Kan Tabarma

Shekarar da na gama jami'a a Damagaram, na samu aiki da wasu masu bincike kan yadda ƙwaƙwalwar jarirai ke girma. Ilimin halayyar ɗan Adam na karanta, amma ba don shi suka ɗauke ni ba. Sun ɗauke ni ne don ni ƴar Tanut ce, kuma ina jin Fillanci, wanda na tsinta a kasuwar dabbobi wajen mahaifina. Ni kuwa a lokacin ji nake kamar da hannuna aka haɗa ƙwaƙwalwar. Ko gaisuwa zan yi sai na jefa Faransanci a ciki.

Shugabarmu wata mata ce daga Yamai, muna ce mata madam. Mai haƙuri ce, ba ta da girman kai, kuma ba zan ɗora mata laifin abin da ya faru ba. Aikinmu ba shi da wuya. Mukan shimfiɗa tabarma, mu zaunar da uwa da ɗanta na minti goma. Ni in riƙe agogo, madam ta riƙe takarda, tana jan layi duk lokacin da uwar ta dubi ɗan, ko ta yi masa magana, ko ta yi murmushi. Littattafanmu sun ce da irin wannan ƴar hira ƙwaƙwalwar jariri ke ginuwa, kamar yadda jikinsa ke ginuwa da nono.

Da kaka muka isa wata ruga a kwarin Tarka. Aka kawo mana wata mace mai ƙananan shekaru da ɗanta ɗan wata tara, uwar mijinta na biye da su. Tsohuwar ta zauna a gefe tana saƙar faifai. Ta ce wannan shi ne jikanta na farko. Na ji da kunnena, kuma na san abin da hakan ke nufi. A wurinsu, kamar a wurinmu, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban uwar miji.

Na danna agogo. Matar ta kafa ido a kan wata ƙaya can nesa, ba ta motsa ba. Yaron ya ja zanenta, ya hau cinyarta, ya sa mata yatsa a hanci, ko gezau. Minti goma suka cika, takardar madam fara tas.

Shi kuwa yaron, ƙalau yake. Madam ta ɓoye cokali ƙarƙashin ƙwarya, ya ɗaga ya ɗauka yana dariya. Da ta matso da fuskarta ya tsorata, uwarsa ya juya ya duba, ba kakarsa ba. Madam ta dubi takardunta biyu, ta gwajin uwar da ta gwajin yaron. Ta ce da ni da Faransanci abin bai haɗu ba, ɗan da ba a kula shi ba ya zama haka. Ta tambaye ni ko akwai wani abu na mutanen nan da ba ta gane ba.

Na ce babu.

Ni ma ƴar fari ce. Har na girma ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, daga "ke" sai "waccan". Ƙannena su hau bayanta, ni in na matso ta aike ni ɗebo ruwa. Da na shiga jami'a na karanta abin da aka rubuta kan iyayen da ba sa sakin fuska ga ƴaƴansu, sai na ji kamar an ba ni alƙali. Duk wani tsoro da nake da shi, duk rashin sakewata cikin mutane, na tattara na jibga mata. Ranar nan da na ga matar ta kau da kai, haushi ne ya kama ni. So nake a rubuta a takarda cewa wannan al'ada cuta ce, ko da sau ɗaya. Ban yi tunanin a kan wa za a rubuta ba.

Ƙa'idar aikin ita ce, duk uwar da takardarta ta fito haka, a yi mata wasu tambayoyi, don akwai matsananciyar damuwa da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Ni na fassara su ɗaya bayan ɗaya. Tana barci? Tana kuka ba dalili? Ta taɓa jin kamar ta cutar da kanta ko ɗanta? A bukkar tabarma muka yi su, inda ko tari ka yi sai an ji a waje. Matar ta sunkuyar da kai, ba ta amsa ko ɗaya ba. Madam ta damu, ta rubuta mata takardar zuwa gidan likita a Belbeji. Tsohuwar ta tare ni a bakin mota ta ce wane irin likita ne. Na ce mata likitan ƙwaƙwalwa, na shige mota abina.

Bayan wata biyar muka koma don gwaji na biyu. Yaron na goye a bayan kakarsa. Na tambayi uwarsa, aka ce ta tafi gidan iyayenta wajen Tenhya ta huta. Wata maƙwabciya ce ta ja ni gefe ta faɗa mini sauran. Ba wanda ya kai ta Belbeji. Abin da suka riƙe kawai shi ne masu karatu sun duba ta sun ce kanta ya taɓu, kuma ba a barin yaro ya sha nonon mai taɓin kai. A satin aka yaye shi da ƙarfi, ya sha wuya har sai da ya rame. Ita kuwa ta daina cin abinci, suka ce ga shi nan abin ya fito fili.

A tsaye na faɗa wa madam gaskiya, duka, har da cewa na sani tun farko. Ba ta yi mini faɗa ba, kallona kawai ta yi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce kuskure namu ne, matar lafiyarta lau. Ni na fassara. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta yi mana godiya. Ta ce nono dai ya riga ya ƙafe, yaro kuma ya saba da ita. In Allah ya kai su damina za su gani.

Madam ta ce sai mun nemo matar. Muka yini muna tambaya daga rijiya zuwa rijiya, muka same ta da la'asar tana daka, mahaifiyarta na zaune kusa. Ta gane ni. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo nono a ƙwarya. Na roƙe ta gafara da Fillancina na kasuwa, ta ce ba komai, haka Allah ya rubuta. Ba ta zarge ni ba ko da ido.

Da muka tashi tafiya ta rako mu, ta ɗan rage murya.

"Malama, yaron gidan can, ya fara tafiya?"

"Ya fara," na ce. "Yau da safe na ga ya taka daga tabarma har wurin kakarsa."

Ta gyaɗa kai. Leɓenta ya motsa kamar za ta ƙara tambaya, sai ta ji takun mahaifiyarta a bayanta. Ta mai da fuskarta wajen shanu, ta ce mu sauka lafiya.