Wainar da Muka Soya Sau Uku

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Unguwar Kanawa, yayana ya shiga wani hali da ya ɗaure mana kai. Ma'aikacin gwamnati ne mai son mutane, sai kawai ya daina fita. Wata biyu yana ɗaki, abinci sai an yi da gaske. A asibiti aka ce ciwon damuwa ne, aka ba shi magani.

Bayan 'yan makonni sai ga Yaya ya miƙe. Ya yi aski, ya yi wa gida fenti da kansa, ya zagaye dangi daga Mando har Kawo a yini ɗaya. In yana magana ba ka samun wurin sa baki, barcin awa biyu kuma ya ce ya ishe shi. Mahaifiyata don murna ta jiƙa shinkafa, aka soya waina aka kai masallaci sadaka. Ni ce mai raba wa maƙwabta, ina ta baza labarin Yaya ya warke.

Sau uku ana haka cikin shekara biyu: ya kwanta, ya miƙe, mu soya waina. A na ukun ne ya faɗa ofishin shugabansu ba sallama, yana koya masa yadda zai gyara ma'aikatar. Aka ba shi takardar gargaɗi ta ƙarshe, in ya ƙara, aiki ya tafi. Bai yi wata ba ya sake komawa ɗaki.

Ni na raka shi wurin likitar ƙwaƙwalwa. Shi ba ya magana, ni kuwa dama bakina ba ya hutawa. Na ce, "Likita, ai yana warkewa sarai, ciwon ne ke dawowa. Sau uku muna sadakar waina."

Ta ajiye biro. "Malama, ba ni labarin kwanakin wainar nan. Yaya barcinsa yake a lokacin?"

Na zayyana mata komai, har ina alfahari da fentin. Da na gama ta ce ciwon Yaya ya fi kama da wanda ake kira baifola. Mai damuwa zalla, in ya samu sauƙi, yakan koma yadda aka san shi. Mai wannan kuwa wuce nan yake yi, ya yi sama fiye da kima, sannan ya faɗo. Maganin damuwa shi kaɗai ma yana iya ingiza shi.

Na ce, "Wato abin da muke yi wa sadakar ma ciwo ne?"

Ta ce, "Ɗaya ɓangaren ke nan. Ba laifinku ba ne, wa zai kai mai fara'a asibiti?"

Na dinga jero tambayoyi har na manta ba ni ce marar lafiyar ba. Can sai Yaya ya ɗago kai ya ce, "A kwanakin nan ji nake kamar mota ba birki. Tsoro nake ji. Na ga kuna murna ne, shi ya sa na yi shiru."

Maganar nan ta taɓa ni sosai, kunya ta kama ni. Aka canza masa magani, aka sa masa ranakun dawowa. An ɗauki watanni kafin ya daidaita, amma aikinsa bai tafi ba. Da na yi wa Mama bayani, sai ta ce, "Allah dai Ya karɓa, da zuciya ɗaya muka yi."

Har yau ina mamakin yadda muka zauna gida ɗaya da rabin ciwo muna tafa masa. Tun daga nan, in aka ce mini wani ya warke farat ɗaya, nakan tambaya ko yana samun barci.

Mama ta sake soya wainar, amma sau ɗaya tak. Wata Laraba ce Yaya ya dawo daga aiki, ta tambaye shi labarin ofis, ya yi hamma ya ce, "Ba wani labari, Mama, na dai gaji." Ta bi shi da kallo har ya shiga ɗaki, sannan ta ce in ɗauko mata shinkafa.