Dattijon da Ya Kawo Tarihin Abokinsa

Mary, mai buga takardu a bakin Babbar Kasuwa, ba ta san dattijon nan ba. Ga shi zaune gabanta, tabarau ɗaure da zare, aljihun kaftani duk tawada. Yadda yake gyara mata waƙafi ya sa take zaton tsohon ɗan jarida ne. Tarihin wani malamin makaranta ya rubuta, wanda ya rasu a tsare a hannun sojoji, amma ko'ina "wani bawan Allah" ya sa a madadin sunansa.

"Baba, ba shi da suna ne?"

Dattijon ya waiga ƙofa, irin waigen da ya zame masa jiki. Sati biyu ke nan da sojoji suka miƙa mulki.

"Yana da shi, ɗiyata. Abokina ne. Buga Malam Sagir Almu, da manyan baƙaƙe."