Jirgi Guda na Ciyawa

Haihuwata ta fari a Gaya na yi ta, gidan miji. Da so samu ne Karakara zan tafi wajen iyayena, to amma shekarar nan sojan Nasara na tare hanya suna kama masu ɗaukar kaya, ba wanda zai raka ni. Na sauka lafiya, ɗa namiji, sai dai nono ya ƙi zuwa. Yaro ya tsotsa ya tsotsa ya saki, kukan ma ya koma kamar na ɗan mage. Ni kuwa da yake ɗana na fari ne, kunya ta hana ni ko kallonsa a gaban mutane. Bayan ɗaki nake zagayawa in yi kukana, in dawo in ce hayaƙi ne.

Uwar mijina, da muke kira Inna, ta ce shuwaka za a samo a yi mini miya. Ta gidanmu fara ta cinye, ta maƙwabta ma haka. Sai ta kira maigidana. Shi mutumin ruwa ne, kifi ko wane iri ya san sunansa, amma ganye duk ciyawa ce a wurinsa.

"Ka haye tsibiri," in ji ta. "Furenta tuntu-tuntu ne, in ya tsufa sai ya yi furfura, iska ta ɗebe."

Da la'asar sai ga shi da dami, ya aje ya koma bakin gulbi ya ɗauko wani, ya sake komawa. Ashe duk abin da ya gani da furfura sara ya yi, har ya cika jirgi.

Ƙanwarsa ta riƙe baki. "Yaya, mai jego aka ce, ba saniya ba."

"Ke dai duba, in babu a ciki sai ki yi magana."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta ce in zauna kusa, ta shiga rabawa. Ita wajenta tsirrai gida-gida suke kamar mutane. Ta tsaga fure da farce ta nuna mini: abin da nake gani guda ɗaya, ashe ƴan ƙananan furanni ne cunkushe cikin ƙoƙo. Duk mai irin wannan kai, ta ce, dangi ne. Ga burzu mai siririn ganye. Ga domashi, shi saiwarsa ake nema. Ga dayi mai ƙaya, abincin raƙumi. Kowanne ta murza, ta sansana, ta ɗora a harshe, ta tofar.

Akwai wani da ta juya ta juya, ta ce ba ta taɓa gani ba. Kansa na gidan ne, amma ba ɗaci. "Baƙo ne. A kafa shi bayan rumbu mu ga halinsa, ba a ba mai jego baƙo."

Tsibi na raguwa, ba a ga shuwaka ba. Can ƙasa sai ga wasu rassa masu kauri, furen fari-fari, waɗanda maigidan ya ce don ɗaure dami kawai ya saro su. Inna ta tauna ganye ɗaya, fuskarta ta yamutse kamar tsohuwar goruba.

"Alhamdu lillahi. Ɗora tukunya!"

Aka wanke, aka sake wankewa, aka yi miya da busasshen kifi. Na sha da ɗacinta, na sha kunun kanwa a kai, safe da yamma. Ba a daɗe ba, wata safiya bayan wanka na ji ƙirjina ya yi nauyi, nono ya jiƙa zane. Na sa yaron, na ji yana haɗiya, ƙut, ƙut. Na manta da kunya na ƙwala wa Inna kira.

Ta leƙo, ta harare ni. "Marar ta ido. To, juya shi ɗaya gefen."