Maganar da Baban Abba ya riƙa kawowa daga Dawanau

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Baban Abba. Da kaka ne, an yanke gero ba a gama ɗaure dammuna ba, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ana cikin shawarar a wuce da shi Kano rai ya yi halinsa. Abba yana goye a bayana a lokacin, ko tafiya bai fara ba. Yau ga shi har ya yi famfara, kuma wan ubansa, Yaya Habu, yana so ya tafi da shi Abuja ya sa shi makaranta. Ya ba ni zuwa ƙarshen hutun nan in faɗi abin da na yanke. Tun da ya yi maganar ko tuwo ba na iya gamawa, sai tunanin mamacin da irin maganarsa.

Ni aji huɗu na tsaya a firamare, Turanci kuwa ba na ji. Amma kunne ba ya buƙatar takarda. Baban Abba yana bin wani Alhaji sayen wake da riɗi a Dawanau, kullum yana cikin 'yan kudu masu lodin manyan motoci. In ya dawo ƙauyenmu nan ƙasar Tsanyawa ranar Alhamis, ban da tsarabar burodi da sabulu, sai ya zo da wata irin magana. Hausa ce, ba kalmar da ban sani ba a ciki, amma an jera ta wani iri. Naman namu ne, ƙashin ba namu ba.

Na farko da na fara ji, muna sababbin aure, ya saɓa jaka zai fita, sai ya tsaya a bakin ɗaki ya ce, "Ki kula da kanki." Iya, mahaifiyarsa, tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Da wa za ta kula, da jakin Malam Tanko? Kai dai ka ce Allah ya tsare ka kama hanya." Ya yi dariya ya ce haka ake cewa a can. Ta ce, "To a bar shi a can. Kayan aro ba ya rufe katara."

Ni kuwa tsaye na yi baki sake, don ban san amsar ba. Abin da na lura da shi ke nan tun ranar, har yau kuma ban canza ba. Gaisuwarmu kowacce da abokiyar tafiyarta. A ce ina kwana ka ce lafiya lau, a ce ina gajiya ka ce ba gajiya, a ce ya haƙuri ka ce da godiya. Ko cikin kuka kake bakinka ya san hanya. Ita wannan baƙuwar ba ta zo da amsarta ba. Sai a jefo maka ita a bar ka riƙe da ita, kamar an miƙo maka jariri uwar ta wuce.

Amma kada mai karatu ya ɗauka na ƙi ta. A garinmu miji ba ya faɗa wa matarsa magana mai taushi a gaban mutane, ko a ɗaka ma sai a kaikaice. Shi ma yana da wannan kunyar, ɗan gidan Iya ne. Daga baya na gane aron da yake yi mafaka ce. Abin da ba zai iya faɗa da Hausar gida ba sai ya sa masa rigar 'yan Dawanau, in an yi dariya ya ce wasa ne. Ranar da na tara ribar ƙuli-ƙuli na sayi 'yar akuya, ya zagaya ta, ya duba haƙoranta, ya ce, "Ina alfahari da ke." Sai da na je islamiyya na tambayi malamarmu ko ba zunubi ba ne, don mu a wa'azi muka san alfahari, kuma ba a wurin yabo ba. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce in koma gida in gode wa Allah.

A lokacin shi kaɗai ke irin wannan magana a duk unguwarmu. Abokansa a majalisa har Bature suke ce masa. Yanzu kuwa ta cika gari. Tana rediyo, tana waya, tana bakin 'yan mata a rijiya. Ba mai shan magani kuma, ɗauka ake yi. Ba wanda kansa ke ciwo, sai mai cewa yana da ciwon kai, kamar wata kadara ce ya ajiye. Kwanaki na je kyamis ranar kasuwar Tsanyawa, yarinyar da ke sayarwa ta miƙo mini ƙulli ta ce, "Anti, ki ɗauki biyu da safe biyu da yamma. Ki kula da kanki." Idonta na kan waya, ba ta ma san fuskata ba. Na fito na tsaya a gindin wata darbejiya ina goge ido da bakin mayafi, mai babur yana ta tambayata ko kuɗina aka sace. Abin da mutum ɗaya ya yi ta maza kafin ya iya faɗa mini, shi ne yanzu ake haɗawa da canji.

Da ƙaramar sallah Yaya Habu ya zo da 'ya'yansa. Yara ne masu hankali, ba zan ɗauki alhakinsu ba, kuma suna jin Hausa. Babbar ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Anti, ya ranarki ta kasance?" Na ce mata lafiya lau, ita ma ta ga kamar ba amsar ke nan ba. Gwaggonsu anti, ƙanwar uwarsu anti, ni anti, mai kawo nono ma anti. Baffa da kawu duk sun zama ankul. Da suka shiga gaida Iya a tsaye, ta bi su da ido, ta sa musu albarka, bayan sun fita ta ce mini a hankali, "Waɗannan in na mutu da me za su karɓi gaisuwa?"

Wannan tambayar ce ta hana ni sakat. Ba yunwa nake ji wa Abba ba, gidan wan ubansa gidansa ne, ɗa kuma na kowa ne. Tsorona shi ne ya tafi ya dawo ya same ni a tsakar gida, ya yi mini magana da Hausa, in ji kowace kalma, in rasa inda zan kama. Uwa da ɗa su zauna tabarma ɗaya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya ƙarasa.

Na sha tambayar kaina me Baban Abba zai ce da yana nan. Na san zai fara da dariya, ya ce wa Iya ga shi duk gari an zama Turawa. Na kuma san bai taɓa daina cizon yatsa kan makarantar da ya bari ba. Ya ce ɗansa ba zai tsaya a kasuwa ana ciniki a kansa yana jiran tafinta ba. Sai dai shi mutumin da ke cewa haka, shi ne kullum da safe yake tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙofar Iya, ya gaishe ta tun daga kwana har zuwa ƙafarta mai ciwo, ba ya tsallake ko ɗaya. Aro ya yi, bai sayar da nasa ba. Abin da ban sani ba shi ne ko yaro ɗan shekara takwas zai iya riƙe biyun. Wani lokacin kuma in ce anya ba kaina nake ji ba? So duk so ne, amma son kai ya fi.

Mutum in ya tafi, abin da yake bari ba shi da yawa. Gonarsa 'yan'uwa ke nomawa, rigunansa an rabar tun sadakar arba'in, maganarsa kuma ta zama ta kowa. Amma akwai hali ɗaya da ya shigo da shi tare da maganar, wanda bai bazu a gari ba. In zai yi abu, ko sayar da tunkiya ne, sai ya zauna ya ce mini, "Mene ne ra'ayinki?" Kuma ya jira amsata. Kafin shi ba wanda ya taɓa tambayata haka. A maganar Abba an tambayi Iya, an tambayi babana, an tambayi liman, an tambaye ni. Mai tafiyar ne kaɗai ba a tambaya ba, don a wurinmu ba a shawara da yaro.

Shekaranjiya da hantsi muna ɓarar gyaɗa ni da Abba, na daure na tambaye shi yadda ubansa ke tambayata. Ya daɗe yana juya kwanso a hannu. Can ya ce, "Umma, ina so in je. An ce makarantar har da bene." Sai ya ɗago ya kalle ni. "Amma wa zai riƙa kai miki niƙa?"

Na ce masa unguwa cike take da yara.

Jiya na ari wayar ƙanina na kira Yaya Habu, na ce ya zo ya ɗauki ɗansa. Allah ya jiƙan Baban Abba, ya kai haske kabarinsa. Shi ya koya mini tambayar, bai dai zauna ya koya mini yadda ake ɗaukar amsar ba.