Abin da Sabo Ya Yi wa Yaya Bukar

A wannan watan Yaya Bukar ya cika shekara huɗu da rasuwa. Babban wana ne, kafinta, kuma duk wanda ya zauna a unguwar Bukan Sidi da ke Lafiya a wancan lokacin ya san shagonsa. Na daɗe ina son yin rubutu a kansa, amma duk sanda na zauna sai raina ya ɓaci in tashi. Bana na ce ko da ɓacin ran zan rubuta.

Da can katako kawai ya sani, yana ƙera gado da kabad da kujerun falo. Sabo ne ya sauya masa hanya. Amininsa ne tun suna yara, a gidanmu yake cin tuwo, mahaifiyarmu ɗanta take ce masa. Da Sabo ya fara fatauci zuwa Legas, sai ya ce wa Yaya garin Lafiya ya cika da ofisoshi da sababbin gidaje, kowa kayan waje yake saye, su kuma in sun lalace katako ba ya gyara su. Kujerar ofis taya take so da famfon da ke ɗaga ta, durowa kuma ƙarfen da take zamewa a kai. Shi zai riƙa sauke su daga kwantena, Yaya ya riƙa ɗaurawa. Yaya ya yarda, har ya sayar da injin yankan katakonsa.

Abin ya tafi daidai sai da korona ta zo. Masana'antu suka rufe a Chana, jiragen ruwa suka yi cunkoso a tashoshi, kaya suka yanke. Shagon Yaya ya cika da kujerun mutane a kwakkwance. Kullum ya kira Sabo, amsar ɗaya ce: jirgi bai iso ba. Ita yake maimaita wa masu kaya, yana ba su haƙuri. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya koma bin labaran duniya a rediyo, yana tambayata ina ne mashigin Suwez da aka ce wani jirgi ya toshe.

Ashe kwantenar ta daɗe da sauka. Da Sabo ya ga kayan sun yi wuya, sai ya kai rabi Abuja inda suka fi tsada, ya buɗe shagon gyara nasa da sauran a Azuba, nan gefen garin Lafiya. Da wannan kaɗai ne, da Yaya ya haɗiye. Amma don ya ja masu kaya, Sabo ya riƙa gaya musu Bukar yana cire ƙarafa masu kyau daga kujerunsu yana sayarwa.

Ina shagon ranar da wata Madam Rahila, mai kemis, ta zo. Ta ce, "Oga Bukar, an ce ka cire tayan kujera na ka sayar. Ni ban yarda ba o, amma ba ni kaya na." Bai yi musu ba. Da hannunsa ya ɗora mata a keke mai ƙafa uku.

Sau ɗaya ya je Azuba, ni na raka shi. Ya tsaya yana kallon tayoyin nan jere a kantar shagon Sabo, ya ce, "Sabo, ashe jirgin ya iso."

Sabo ya ce, "Bukar, kasuwa ce. Kai ma da ka samu haka za ka yi."

Yaya ya ce, "Ba zan yi ba." Muka juyo.

Daga nan hawan jini ya kama shi, shagon ya mutu kafin shi. Ranar jana'iza Sabo ne a gaban makara, yana share hawaye. Rai na Allah ne, ban ce shi ya kashe shi ba. Amma ban yafe ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa na yafe ba.

Yanzu ma ana cewa jirage suna kauce wa Bahar Maliya, kuɗin dako ya hau, kwantena tana jinkiri. Kafintocin Lafiya sun koma fasa tsohuwar kujera su gyara wata. Na ji Sabo yana ba masu kayansa haƙuri da maganar jirgi, wataƙila wannan karon da gaske yake. Ina tambayar kaina me Yaya zai ce. Na san halinsa, tausayin masu kujerun zai fara ji, ni kuwa in yi ta fushi a madadinsa kamar yadda muka saba.

Bai bar shago ba, bai bar gida na kansa ba. Ya bar 'ya'ya uku da suna, sunan ma an taɓa shi. Bara, da ake neman auren babbar 'yarsa, wani daga dangin mijin ya tambaya ko 'yar kafintan nan ce mai sayar da kayan mutane. An ɗaura auren, amma ta ji, ta zo ɗakina ta yi kuka. Saboda ita da ƙannenta na yi wannan rubutun, su gani a jarida, baƙi a kan fari: ubansu bai taɓa cire ko noti ɗaya daga kayan wani ba. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya.