Gwaggo Asabe Ta Ɗauki Rana Aiki

Duk wanda ya san Gwaggo Asabe, yayar babanmu, ya san lemarta. Baƙa ce, tsarabar Makka, kullum tana maƙale a hammata, amma ni dai ban taɓa ganin ta a buɗe ba. Mu fito daga unguwarmu Kusfa da tsakar rana, gumi na tsiyaya, in ce, "Gwaggo, ki buɗe lemar nan mana!" Sai ta galla min harara: "A wannan ranar? So kike ta koɗe?" In ruwa ya sauko kuwa, cikin mayafi take cusa ta kada ta jiƙe. Kai, Gwaggo!

Kun dai san gonarta, can ƙauyen kakanninmu, bayan Ƙofar Gayan. Da aka raba gado maza suka ɗebe fadama, aka bar mata fako, tsakuwa zalla sai ɗorawa guda a tsakiya. Duk damina sai ta sa an shuka mata gero, duk kaka a kawo mata ɗan abin da ko jaki ba zai san ya ɗauko ba. Ƙanenta Baba Sule ya gaji ya ce, "Yaya, irin da kike zubawa ma ya fi abin da kike girba."

Ta ce, "Na sani sarai. Ba don gero nake shukawa ba. Don kada ku manta tawa ce."

Ana nan sai ga masu kamfanin sola, suna neman shimfiɗaɗɗen fili su kafa gilasansu masu zuƙar hasken rana, su ba ƙauyukan wajen wuta. Fakon Gwaggo ya yi musu daidai. Da suka tambayi mai gona aka nuna musu zauren Baba Sule, wai shi ne namijin gida. Shi kuwa bawan Allah bai yi wata-wata ba ya shiga cinikin sayarwa. Labari ya iske Gwaggo tana tankaɗe. Ko hannu ba ta wanke ba ta tasa ni gaba sai ƙofar zauren.

"Sule, me ake sayarwa?"

"Yaya, ai taimakon ki nake yi, fakon nan ba ya…"

Ba ta ko kalle shi ba. Ta juya wajen injiniyan kamfanin: "Ɗan nan, farar motar can taka ce?"

"Tawa ce, Hajiya."

"To na sayar wa Sule ita."

"Haba Hajiya, ai ba taki ba ce!"

"Madalla, ashe da hankalinka. Tashi mu je ka yi magana da mai gona."

Wallahi Baba Sule ya kwana biyu bai zauna a zauren nan ba.

Sharuɗɗanta kuwa sai da injiniya ya cire hula ya sosa kai. Sayarwa dai babu, sai haya. A ɗaga ƙarafan gilasan sama yadda tumakinta za su yi kiwo a ƙarƙashi. Ɗorawa kuma ko reshe kada a taɓa, da ita take daddawa. Ya ce inuwar za ta rage musu wuta. Ta ce, "Ita ta tarar da ku, ko ku kuka tarar da ita? Ranar nan ta ishi kowa. Ku matsa." Suka matsa ɗin! Ku je ku gani, gilasai sun kewaye itaciyar kamar masu sauraron wa'azi.

Sauran rigima ta maƙwabta ce. Malam Tanimu, mai gonar da ke iyaka da tata, ya kai ƙara gaban dagaci, wai gilasan za su shanye rana, masararsa ta ƙi nuna. Wasu kuma suka ce gona ta abinci ce, ba ta ƙarfe ba. Gwaggo ta zauna a tabarma har kowa ya gama.

"Malam Tanimu, tun yaushe kake shanya barkono a rufin ɗakinka?"

"Tun ina saurayi."

"Ranar ta ragu?"

Har dagaci sai da ya rufe baki da hannun riga don dariya. Sannan Gwaggo ta gyara zama, ba wasa a fuskarta. Ta ce, "Fadamarku ku ci gaba da noma, ba wanda ya ce a taɓa ta. Da kuka bar dawa kuka koma rake, wa ya nemi izinina? Fakon nan ya ƙi gero shekara da shekaru, yau ga abin da ya karɓa. In tawa ce, ku bar ni in shuka gilashi." Dagaci ya ce maganar ta ƙare.

Tun daga nan rana ta zama 'yar aikinta. In gari ya yi lumshi sai ta leƙa sama ta ja tsaki: "Yau kuma yarinyar nan ta makara." Da wuta ta shiga ƙauyen, wa kuke zaton ya fara sayen firji yana sayar da ƙanƙara? Malam Tanimu! Gwaggo ta aika masa: "A gaishe shi, a tambayi lafiyar masara. Kuma ya aiko min da ruwan sanyi, ranata ce ta daskarar da shi." Ya aiko kuwa, duk Juma'a, har ta bar duniya.

Ranar ta'aziyyarta lungunmu ya cika da matan ƙauye da ban taɓa gani ba. Wata tsohuwa, ungozomar garin, ta kama hannuna ta ƙi saki. Ta ce, "'Yata, da da tocila a baki nake karɓar haihuwa. Yanzu fuskar jariri nake gani tas, tun kafin ya yi kuka."

Allah Ya jiƙan Gwaggo Asabe, Ya yafe mata kurakuranta. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta huta. Amin.