Ranar da Kawu Ya Karɓi Wuƙa

Cikin dukan abin da na gani a shekarun babban fari, akwai rana guda da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa, inda kuma ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Lokacin ban daɗe da gama lakol, wato makarantar boko, a Maraɗi ba, na koma ƙauyenmu kusa da Gazawa. A gidanmu akwai ƙanen mahaifiyata, wanda ya je cin rani ƙetaren iyaka, ya shiga soja, ya yi yaƙin basasar can. Ya dawo babu rauni a jikinsa, amma bai sake taɓa wuƙa ba. Ko kaza za a yanka, sai ya bar gidan. Mahaifiyata ta hana kowa tambayarsa dalili.

A lakol mun karanta wani gajeren labari na sojan da ya dawo gida yana gyara katangarsu da ta rushe. Malaminmu ya ce katangar alama ce ta zuciyar sojan, kowane tubali da ya ɗora mataki ne na warkewa. Sai na shiga neman irin wannan alama a wurin Kawu. Ko danga ya ɗaure, ina tsaye ina dubansa. Rannan ya juyo ya ce, "Ɗan lakol, mi kake kallo? Ƙaho ya fito mini?"

Fari ya cinye dabbobinmu, saura saniya guda, ƙasusuwa da fata. Ni da Kawu muke kai ta daji mai nisa, ina hawa gawo ina saro mata ganye. Wata rana da rana tsaka ta durƙusa. Muka zura sanda ƙarƙashin cikinta muka ɗaga, ta sake zubewa, numfashinta yana sarƙewa. Ungulaye suka fara sauka nesa kaɗan.

Dukanmu mun san abin da ke gabanmu. In ta cika ba a yanka ba, ta zama mushe, yaran gidanmu kuwa sun daɗe babu abin da ke shiga cikinsu sai dusa da 'ya'yan anza, wani icen daji mai ɗaci. Gari ya yi nisa, babu halin kiran kowa.

"Kai za ka yanka," in ji Kawu, bai dube ni ba. "Ni in riƙe ƙaho."

Muka juya ta gabas. Ban taɓa yanka abin da ya wuce kaza ba. Na zaro wuƙar da ke ƙuguna, na yi bisimilla na ja, sai fata kaɗai ta tsage. Saniyar ta fizge, jini ya fantsama a ƙafar Kawu.

"Danna mana!"

Na sake gwadawa, wuƙar tana zamewa. Na ga idonta ya fara juyewa.

"Kawu, tana tafiya!"

Ya ƙura wa jinin ƙafarsa ido, gumi yana zuba daga haɓarsa. Na sakankance sakin ƙahon zai yi ya ruga. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, ba kuma zan ƙiyasta ba.

"Ba ni wuƙar," ya ce. "Kama nan."

Ya yi bisimilla da kabbara da ƙarfi, ya ja sau ɗaya. Jini ya yi tsartuwa, ta shura ƙafa, wato da ranta aka yanka ta, ta halatta.

Ya ajiye wuƙar, ya zauna yana murza hannuwansa da rairayi, ya daɗe yana murzawa. Can ya ce a hankali, "A can, ba mu yin bisimilla." Sannan ya ɗago kai. "Tafi ka ce ma uwarka su zo da ƙorai."

Ba zan ce ya warke a ranar ba, domin ban sani ba, bai kuma sake yi mini maganar yaƙi ba har ya rasu. Abin da na tabbatar shi ne yara sun ci nama, an busar da saura ya kai mu wani lokaci. Tun daga ranar na gane cewa mai ciwon zuciya ba lalle sai ya warke yake tashi ba. Wani da ciwon nasa yake miƙa hannu ga abin da ya fi tsoro, don kawai waɗansu su ci su rayu.